Baba Tanko da Mukullin da Ba a Nuna wa Maza

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi wa Baba Tanko a gida. Kafin 'yan adaidaita su cika titin Gyaɗi-Gyaɗi da ƙara, ya riga ya iso garejinsa, ya sunkuyar da kai ya yi 'yar addu'arsa, ya rataye rigar fita a ƙusa, ya saka shuɗiyar nan da baƙin mai ya cinye launinta. Sai ya shimfiɗa buhu ya jera sufanu daga ƙarami zuwa babba. A gefe Mama Ladi, matarsa, tana hura wutar ƙosai. Shekara talatin da huɗu ke nan haka safiyarsu take, tun da suka zo Kano daga Kagoro. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don bayansa ya daina yarda da kwanciya a ƙarƙashin mota. Shi ya sa mu masu zama a bakin garejinsa muka ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Makanikai ba su yi kaɗan ba a Tarauni. Amma idan hutun Sallah ko na Kirsimeti ya matso, magidantan da suka yi wa yara alkawarin zuwa gandun dajin Yankari, masu ɗaure tabarmi da tanti da risho a saman mota, wajensa suke yin layi. Zai duba birki, ya duba lagireto, ya taka safaya ya ji ko da iska. Wannan kowa yana yi. Abin da ya raba shi da saura tambayarsa ta ƙarshe ce: "Ina ɗaya mukullin?"

Sai an kawo. Idan an kawo, ya naɗe shi a robar tub, ya shiga ƙarƙashin motar ya ɗaure da waya, kowace mota da wurinta. Kuma ba ya nuna wa maigida. Maza duk sai ya kora su teburin mai shayi. Mama Ladi ce za ta goge hannu, ta shimfiɗa kwali, ta kama hannun uwargida su durƙusa tare, har sai yatsun matar sun taɓa wurin.

An sha tambayarsa dalili. Yakan ce, "Na gwada maza shekara goma. Namiji in ya san wurin, ranar da ya makara ya rasa nasa zai ciro, kuma ba zai mayar ba har abada. Uwa kuwa ba ta taɓa shi sai ranar da ya zama dole."

Shekara tara da suka wuce, Zakariyya, mai shagon atamfa a Babban Giji, ya kawo tsohuwar motarsa mai cin mutum bakwai. Zai kai iyalinsa Yankari su kwana biyu, karo na farko. Baba ya kusa gama aiki da la'asar, ya yi tambayar tasa.

"Haba Baba, don Allah fa. Gobe da sassafe za mu kama hanya. Mukullin yana can Hotoro gidan yayana."

"Hotoro ai ba Legas ba ce. Ga adaidaita nan."

"Ni tunda nake ban taɓa yar da mukulli ba."

"Wanda ya yar ma, kafin ranar bai taɓa yarwa ba."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Zakariyya ya ji haushi, ya ce a ba shi motarsa, makanikai ba su ƙare ba a Kano. Baba bai ɗaga murya ba. Motar tana kan jak, taya ɗaya a cire. Ya mirgino tayar ya zauna a kanta, ya harɗe hannu.

"Ga ta nan a kan ƙafa uku, Malam Zakari. Ɗauki abarka."

Zakariyya ya je Hotoro ya dawo yana huci. Da ya ji kuma sai matarsa ta zo, nan ma aka sake sabon zance. "Matata ta zo gareji ta durƙusa gaban ƙarti?" Baba ya ce babu ƙaton da zai rage a wurin, har shi kansa. Haka aka yi. Maimuna ta zo riƙe da hannun 'yarsu Fiddausi, 'yar shekara bakwai, mai fama da asma. Mama Ladi ta kai yatsun Maimuna wurin, ta raɗa mata, "Kin ji shi? To ko leshi ya saya miki, kada ki faɗa masa."

Abin da ya faru a dajin, daga bakin Maimuna muka ji, kuma Zakariyya bai musa ko kalma ɗaya ba.

Sun isa ƙofar gandun da rana tsaka. Ma'aikatan ƙofar suka ja musu kunne: daga nan zuwa masauki tafiya ce mai nisa cikin daji, kada su tsaya a hanya. To amma yara sun yi ta kukan yunwa, azahar kuma ta yi, ga wata inuwa mai kyau. Zakariyya ya ce minti goma ba komai ba ne. Suka shimfiɗa tabarma. Da ya hango birai a kan bishiya, sai ya yi dabara irin ta mai hankali, ya kulle motar ruf don kada su shiga. Zai yi alwala, ya jefa mukullin da agogonsa cikin ledar burodi don kada ƙasa ta shiga.

Bai kai ga wanke ƙafa ba wani gwaggon biri ya diro, ya fizgi ledar, ya yi daji da ita. Zakariyya ya bi shi ba takalmi, yana jifa yana "Kai! Kai, ɗan banza!" Yaransu maza biyu har dariya suke yi. Dariyar ba ta daɗe ba. Birin ya bi ta kan ƙafar Fiddausi ne, firgicin ya tayar mata da ciwon. Numfashinta ya koma kamar ana busa usur a cikin ƙirjinta. Maganin shaƙarta yana cikin jaka, jakar tana cikin mota. Waya ba sabis. Hanya shiru, ba mota gaba ba mota baya, don hutun ya riga ya ƙare.

Zakariyya ya dawo hannu wofi, ƙafa duk ƙaya, ya ɗauki dutse zai fasa gilashi.

"Abban Fiddausi, ajiye dutsen nan," in ji Maimuna. "In ka fasa, da me za ka tayar da motar?"

Ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta kwanta a kan ƙasa mai zafi, ta ja jiki ƙarƙashin motar. Ƙarfen yana ƙona hannu. Ta lalubo robar tana nan inda aka nuna mata, amma wayar ta ƙi kwancuwa. Tana jin usur ɗin 'yarta yana raguwa. Ta murɗa da yatsu har farce biyu suka tsage, ta sa haƙori, ba ta saki ba. Da mukullin ya faɗo mata a ƙirji, ta ce ba ta san lokacin da ta fito ba.

Maganin shaƙar ya ɗan sassauta, bai isa ba. Suka bar tabarma da kuloli ga birai, suka juya. A ƙofa wani ma'aikaci ya shiga gaba ya nuna musu hanyar asibiti mafi kusa. Likitan da ya karɓe ta ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake yi.

Bayan kwana huɗu Zakariyya ya zo godiya tare da Maimuna, ya tsaya bakin garejin, ya cire hula. Duk wanda ke wurin yana jira ya ji Baba ya ce ai na faɗa maka. Bai faɗa ba. Ya tambayi jikin yarinya. Sannan idonsa ya sauka kan yatsun Maimuna da ke naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

Da aka gaya masa, sai ya zauna a kan benci. "Laifina ne," ya ce. "Da filaya na murɗe wayar. Na ɗaure don kada ya faɗi, na manta hannun da zai kwance."

Sati guda ya yi yana gwaji. Ya ɗaure, Mama Ladi ta kwance da hannu ɗaya ido a rufe, ya sake ɗaurewa. Ya hau mota ya bi hanya mai ramuka ya dawo ya duba ko ya zube. Mama Ladi har ta gaji ta ce, "Baban Godwin, ƙosaina fa yana ƙonewa." Bai bari ba sai da ya sami ɗaurin da rami ba ya kwance shi amma yatsa ɗaya yana yi: murɗa uku, da 'yar maɗauki a baki. Tun daga ranar kuma ya ƙara tambaya ta biyu: "Akwai mai shan magani a motar? To maganin a jikin uwa zai zauna, ba a jaka ba."

Baba Tanko, kai ne ka yarda a kira ka mai taurin kai, ka yarda masu mota su yi fushi su tafi wani garejin, da dai ka saki iyalin mutum su shiga daji da mukulli ɗaya. Kai ne aka zo yi maka godiya, ka tsaya neman kuskurenka a cikin alherin. Ba ka taɓa tambayar wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci ba, sai dai wa zai zauna a kujerar baya. Dutsen Kagoro, na Mama Ladi, ba a ture ka da hayaniya. Ka tura mutane sun fi a ƙirga sun ga giwaye da ruwan ɗumi, kai ko ƙofar Yankari ba ka taɓa gani ba.

Ranar Asabar da ta wuce, babban ɗansu Godwin ya kawo motar da zai mayar da su gida a ciki. Baba yana zagaya ta yana taka tayoyi, sai ga Maimuna ta sauko daga adaidaita, bayanta Fiddausi, budurwa 'yar shekara goma sha shida, riƙe da guntun roba da waya.

"Baba, ina ɗaya mukullin?" in ji Fiddausi.

Ya dube ta, ya dubi uwar, sai ya sa hannu a aljihu ya miƙa. Yarinyar ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashi. Baba ya fara sunkuyawa, yana dafe da baya.

"Murɗa uku fa, 'yata. A ina kike ɗaurewa? Bari in ga."

Mama Ladi ta tare gabansa da matsamin ƙosai a hannu. "Je ka sha shayi, Baban Godwin. Ba a nuna wa maza."

Ya tafi. Muna kallo ya zauna a bencin mai shayi kusa da Zakariyya da ya riga su isowa, ya juya wa motar baya kamar kowa, yana goge ido da gefen riga yana cewa hayaƙi ne.

Mun gode, Baba. Allah ya ba bayan nan lafiya, ya kai ku Kagoro lami lafiya. Ku kuma masu sufana a hannu, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Hotoro, hutu yana tafe, motoci za su zo muku da tabarmi a sama da yara a baya. Kada ku sauke jak sai kun tambayi ɗaya mukullin. In mai mota ya yi fushi, tayar tana nan, ku zauna a kanta.