Wanzamin da Yake Auna Jininsa da Carbi

Baba Ilu wanzami ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina cikin buɗe ɗakin magani a likitarmu, wato ƙaramin asibitin nan na Dungas. Babban ɗansa Sani ne ya bugo. Ya ce bayan sallar asuba tsohon ya miƙa hannu zai ɗauki zabirarsa, hannun ya ƙi, baki ya karkace. Kafin a samo motar da za ta kawo shi, rai ya yi halinsa.

Na hau moto na tafi ƙauyensu, can ta wajen Waca. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Na dawo na kasa cin abinci, na kasa zama wuri guda, shi ya sa nake rubutun nan.

Shi ya yi mini askin suna. Ko bayan na zama majo, ina shugabantar likita ana ce mini ranka ya daɗe, shi in ya hango ni sai ya ce, "Ga wanda na san ƙeyarsa tun tana kwana bakwai."

Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, duk Juma'a sai Baba Ilu ya tako ya yi masa aski a kan shimfiɗa, wai don kada 'yan dubiya su same shi a hargitse. Ba wanda ya roƙe shi.

Shekarun baya zuciyarsa ta fara bugu ba daidai ba. Lokotoro, wato doktan zuciya da ke Damagaram, ya ce jini na iya daskarewa a cikinta, gudan ya haura kai ya shanye shi. Aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini.

Ga wanda bai san maganin nan ba, gaba kura ne baya siyaki. In ya yi kaɗan, jini ya daskare. In ya yi yawa, jinin ya tsinke ya ƙi tsayawa, ta hanci, ta ciki, ko cikin ƙwaƙwalwa. Dole a riƙa auna jinin a ga lambar ta tsaya tsakanin biyu da uku. Ko kwaɗon zogale mutum ya yawaita da damina, lambar sai ta motsa.

Lokotoron yana bincike a kan mutanen karkara masu shan maganin, yana neman hanyar riƙe su a tsakiya tunda labo, ɗakin gwajin jini, ya yi mana nisa. Ya ba mu ɗan inji da 'yan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu, ni nake awon, in cike takarda in aika masa. Baba Ilu ne ya fara dangwala yatsa ya shiga. Har dariya yake, wai shekara arba'in yana fitar wa mutane mataccen jini da ƙaho, yau ga shi nasa ake gadi.

Ƙwayar gida huɗu ake raba ta. Ni da na yi karatun abin, in na karya ta rabi gari take zama. Shi da aska yake yanka ta, kwata huɗu cif. Sauran masu shan maganin har ƙauyensu suke bin shi ya yanka musu na wata guda.

Kuma tun daga lokacin bai ƙara kafa wa kowa ƙaho ba sai ya tambayi irin maganin da yake sha. Wani magidanci daga Sassumbrum ya taɓa yi masa fushi a kasuwa don ya ƙi yi masa tsaga da ya ji shi ma maganin nan yake sha. Baba Ilu ya bar shi ya gama faɗan, ya kamo hannunsa ya kawo mini shi. Mutumin yana nan da ransa.

Abu guda ne muka daɗe muna sa-in-sa a kai. In tsinkayen awo suka ƙare mana, kuma suna yawan ƙarewa, sai ya yi nasa awon. Ya ɗan tsaga bayan hannunsa da bakin aska, ya ɗauki carbi yana ja har jinin ya tsaya. Ya ce in lafiya lau, kafin carbi ya zagayo sau ɗaya ya tsaya. Na sha gaya masa wannan ba awo ba ne, ina tsokanarsa da labon Baba Ilu. Sai ya ce jini dai shi ya riga ni saninsa.

Ran Alhamis ya zo. Shi ne ganina da shi na ƙarshe.

Tsinkayen sun ƙare tun makon jiya. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani baƙin tabo a damtse, ya ce bai buge da komai ba. Ya ce in ya yi asuwaki dasashinsa na jini, kuma da safe carbi ya zagayo sau uku kafin tsagar ta tsaya.

Sannan ya dube ni ya ce, "Majo, in sha ko in bari?"

Na kira lokotoro, rezon waya ya ƙi. Na tura masa saƙo. Na ce wa Baba Ilu ya kama hanyar Damagaram a ranar, ya ce yana da askin suna Asabar da Lahadi, gidajen da kakansa ya yi wa aski ne, ba ya iya sa su nemi baƙon wanzami. Litinin dai, in Allah ya kai mu.

Ban matsa masa ba. Kunyarsa nake ji, wannan ita ce gaskiya.

Inji na gabana ba abin sa masa. Abin da nake da shi a hannu tabon nan ne da lissafin carbin da na shekara ina yi wa dariya. Na ce ya bar maganin kwana biyu, Asabar ya koma kan kwatarsa, Litinin mu tafi tare.

Washegari lokotoro ya maido amsa, ya ce shi ma ba lamba ba ya iya cewa komai, a dai kawo shi da wuri.

Yau ce Litinin ɗin.

Da na shiga yi wa matarsa Inna Hajara gaisuwa, ita ke ba ni haƙuri. Ta ce, "Ɗana, bai saɓa maganarka ba ko kaɗan. Na ce ya sha, ya ce a'a, Majo ya ce sai Asabar." Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Na kira lokotoro a kan hanyar dawowa. Ya ce gudan jini a ƙwaƙwalwa da zubar jini a ƙwaƙwalwa kamanninsu ɗaya daga waje, sai hoton kai ke raba su. In zuba ce, wataƙila kwatar da na maida shi kanta ran Asabar ta yi yawa. In daskarewa ce, kwana biyun nan da na hana shi ne suka ba ta hanya.

Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma ni aka tambaya, kuma ni na ba da amsa.

Takardar binciken na nan a kan teburina. Wajen dalilin rasuwa gida biyu ne, daskarewa ko zuba. Lokotoro ya ce in rubuta a gefe cewa ba a sani ba. Na rubuta. Har abada ba zan sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajara da su Sani haƙurin rashi. In akwai nawa kuskuren a ciki, Allah Ya yafe mini.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ku haɗa da ni. Gobe mutum biyu masu shan maganin nan za su zo awo, kuma har yanzu tsinkayen ba su iso ba.