Kawu Umaru Jamus

Duk wanda ya taɓa gayyatar Kawu Umaru ɗaurin aure ya san abin da zan faɗa. In an rubuta ƙarfe goma a kati, goma daidai zai jingine kekensa a ƙofar gida. Ranar auren 'yar maƙwabcinsa ya iso ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Ya tsaya minti biyar, ya ɗaga hannu ya yi wa ango da amarya addu'a shi kaɗai, ya shafa, ya juya.

Uban amarya ya biyo shi da gudu. "Haba Malam Umaru, ko liman bai iso ba!"

"Ni na ƙarfe goma aka gayyace ni, na kuwa halarta. Mu Jamusawa haka muke."

Mu Jamusawa! Mutumin da iyakar tafiyarsa Jos, wanda in ba fura ba, ya ƙoshi.

Amma ba ƙarya yake ba. Mahaifinsa, wato kakana, Bajamushe ne da ya zo Bauchi aikin haƙar rijiya da kafa famfo, bai sake komawa ba. Mutanen gari suka kasa faɗin sunansa, suka bar shi a Malam Hansi. Ya auri Bafulatana, ta haifi Kawu Umaru da mahaifiyata. Bayan ta rasu ya auri wata Kirista daga kudancin jiha, ta haifi Kawu Yohanna. Yau jikoki da tattaɓa-kunne mun watsu daga Gubi har Shadawanka, wasu masallaci wasu coci, abin da ya rage mana na Jamus sai dogon hanci da idon mage.

Akwai wata takarda da kakanmu ya rubuta da hannunsa, Kawu yana ajiye ta cikin gwangwani. "Wasiyyar Baba" yake ce mata. Bai iya Jamusanci ba ko kalma ɗaya, amma duk dokar da ya ga dama daga cikinta take fitowa. Yaro ya bar tuwo a kwano? "Baba ya hana, ga shi nan a rubuce." Ni ce na tona asirin, Allah ya yafe mini. Na ɗauki hotonta da waya, wayar ta fassara.

"Kawu, wannan fa bayanin yadda ake kwance famfo ne."

Ya gyara hula. "To? Shi ma ai wasiyya ne. A cikinku wa ya iya kwance famfo?"

Muna cikin dariya na juya bayan takardar. Sunayen 'ya'yansa uku ne a jere, ƙarƙashinsu layi ɗaya: waɗannan su ne ƙasata yanzu. Kawu ya ce in maimaita. Na maimaita har sau uku. Ya karɓi abarsa ya shige ɗaki, ranar ko shagonsa na gyaran injin ban-ruwa bai buɗe ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne taron gonar Inkil, inda kabarin kakanmu yake. Samarin gidan suka ce za a gyara kabarin. Ɓangarenmu suka ce Musulmi ya mutu, ba za a yi gini a kansa ba. 'Ya'yan Kawu Yohanna suka ce a kafa gicciye. Magana ta yi zafi, har wani ya ce daga yau kowa ya kama gabansa. Wallahi na ɗauka zumunci ya ƙare a ranar.

Kawu Umaru ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku yi mini shiru! Wa yake wurin da ya cika? Ni ne, kansa a cinyata. Kuna son ku ji maganarsa ta ƙarshe?"

Kowa ya nutsu.

"Cewa ya yi, Umaru, a zuba wa inji mai. Shi ke nan. Wanda yake son ƙarin bayani ya bi shi ya tambaya."

Kawu Yohanna ne ya fara fashewa da dariya, har da hawaye. Aka shuka mangwaro a gefen kabarin, aka ci abinci kwano ɗaya, aka watse. Daga baya na tambayi Kawu Umaru a keɓe ko da gaske ne. Ya ce, "Ke 'yar nan, abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ba nawa ba ne. Nawa shi ne kada gidansa ya tsage ina raye."

Bai tsage ba kuwa. Jinyar wata huɗu da Kawu Umaru ya yi, Kawu Yohanna ne ke juya shi, shi ke kama shi ya yi alwala, suna yi suna faɗa kan wa ya fi kama da Baba. Ranar jana'iza Kawu Yohanna ya tsaya can gefe har aka idar da salla, sannan ya matso ya sa kafaɗa a makara, duk da ciwon gwiwarsa. Na ji yana cewa a hankali, "Yaya, yanzu wa zai tsawata mana?"

Allah ya jiƙan Kawu Umaru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin zama da juna. Amin.