Na Zuba Babur ɗin Baba a Buhunan Taki

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Fannin injina na karanta, na dawo ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure ina jiran aiki. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, komai sai na duba sau uku, kuma a da ina ɗauka hakan abin yabo ne.

Mahaifina yana da wani tsohon babur mai nauyi da faɗin tanki, wanda ya saya tun kafin a haife ni. Da ya samu shanyewar ɓarin jiki sai babur ɗin ya yi shekara biyu a zaure. A ranin nan Baba ya matsa a kai shi ya ga shinkafarsa kafin a yanke, ga shi mota ba ta bin gefen kanal ɗin ban ruwa da ya nufi gonar. Baffa, ƙaninsa, ya ce zai goya shi a nasa babur, ya ɗaure shi da zane, su je gobe. Ni na hana. Na ce na Baba ya fi faɗin mazauni, a ba ni mako uku in tayar da shi. Baba ya yi dariya da rabin baki, ya ce a bar injiniya ya nuna abin da ya koyo. Baffa ya ce fulogi da wankin kafireta kawai babur ɗin yake so, bakaniken Kura zai gama kafin la'asar, amma ni ina ta tunanin birki ya ƙi a bakin ruwa da marar lafiya.

Sai na kwance komai, har injin. Na wanke kowane ƙarfe da fetur tas, babu ɗigon baƙin mai da ya rage a jiki. Don kada ko noti ya ɓata, na raba kayan a buhunan taki da aka juye, kowanne da takardar sunansa, na ɗaure, na jera a ɗakin da muke jibge jiƙaƙƙen tiyon ban ruwa. Daga nan na shiga zirga-zirgar Kano neman zoben fistin na asali, don na ƙi yarda da na yanzu. Mako uku ya koma shida. Kullum da safe Baba yakan tambaye ni ko yau za a ji ƙara, in ce saura kaɗan.

Ranar da na kwance buhunan na tarar tsatsa ta cinye cikin silinda da haƙoran giya, duk sun yi rami-rami. Abin da ya fi damuna har yau shi ne ban faɗa ba. Kwana goma ina rufe zaure ina gurzawa, wataƙila kunya ce, wataƙila ina zaton zai gyaru. Baffa ne ya leƙo ya gani. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, ɗana, ai ko fartanya ba a jinginawa da buhun taki, wace makaranta ce ba ta gaya muku wannan ba? Ya ce gobe zai ɗauki yayansa. Amma a lokacin Baba ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. An yanke shinkafar ranar Talata, ya rasu ranar Asabar, bai gan ta ba.

Ba na cewa ni na kawo ajalinsa, Allah ne Ya yi. Amma abu ɗaya ya roƙa, ƙarami, kuma ni na tsaya a tsakani. Ban tabbata na isa in yi wa kowa nasiha ba, sai dai in ce: idan tsohonku ya nemi wani abu yau, ku yi masa da abin da ke hannu, ko da bai kai yadda kuke so ba. In kun yi ɓarna ku faɗa a ranar. Kwana goman nan da na yi shiru, a cikinsu Baba yana iya zama a bayan babur.