Hoton Takalman Maiwada

Shekara bakwai muna ɗaki ɗaya da Maiwada a unguwar Al-Suwaidi ta Riyad, a saman wani shagon gyaran firji, amma har yau in aka tambaye ni aikinsa sai in tsaya inda-inda. A iƙamarsa dai, wato takardar izinin zama, an rubuta direban gida. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, Daktur Shakir ne, likitan haƙori, mutum mai tumbi da sauƙin kai. To amma je ka filin harbin da ke can gaba da Dir'iyya ka ce kana neman direban Daktur, wallahi ba wanda zai gane. Ka ce mai ɗaukar bidiyo, nan take za a nuna maka shi. Dogo ne siriri, da wata hula zanna da ta sha wanki har ta gaji, ya ɗora mata abin toshe kunne a kai.

Ni Sha'aban nake, Bahaɗeje, aikin wayarin nake yi. Shi kuwa Bakatsine ne daga wajen Safana, don haka kun san ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini.

Mahaifinsa maharbi ne. Maiwada ya tashi cikin warin albarushi, a garin da in bindiga ta yi ƙara sai maza su ɗauki kirari, mata su rangaɗa guɗa. A wurinsu ka ji harbi mai kyau ka yi shiru, baƙin ciki ne. Da wannan tarbiyya ya shigo Riyad, kuma ita ta ja masa abin kunyar da na yi mako guda ina dariyarsa.

Ga yadda wasan yake. Mutum shida ne ke jeruwa da bindigogi masu baki biyu, kowa a kan ɗan dandamalinsa na siminti. Wanda layi ya zo kansa zai ɗaga bindiga ya ce "Ha!", sai na'ura ta cillo wani ɗan faifan laka ruwan lemo sama, shi kuma ya harbe shi. Faifai ashirin da biyar ne zagaye ɗaya. Ita na'urar murya take ji, akwai abin magana a gaban kowane mai harbi. Wannan ne ba wanda ya gaya wa mutumina.

Ranar farko da Daktur ya kai shi gasa, ya miƙa masa waya ya ce ya ɗauke shi. Daktur ya ce "Ha!", ya harba, faifai ya tarwatse ya zama ƙura. Ai kuwa Maiwada ya matso ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa: "Namiji! Haka ake yi! Allah ya ja kwana!" Na'urar mutumin da ke gefe ta ji murya, ta cillo faifansa alhali bawan Allah bai ko gama saka harsashi ba. Wuri ya yi tsit. Alƙalin wasa ya ɗaga tuta, ya nuna Maiwada, ya nuna ƙofa. A mota ya wuni har la'asar. Da ya dawo ɗaki ko shinkafar bukhari da na sayo mana bai taɓa ba, sai cewa yake, "Sha'aban, yabo fa na yi. Yabo!"

Na ɗauka ya bar zuwa ke nan. Ina! Asabar ta zagayo ya koma, ya sami alƙalin nan da Larabcinsa na kasuwa ya ba shi haƙuri, ya ce a koya masa. Aka nuna masa layin rawaya da ba a tsallakewa. Aka ce waya a kashe mata ƙara, baki kuma a kulle. Sauran shi ya ƙara wa kansa da kansa. Ba ya ɗaga waya a kan kowa sai ya je ya tambaye shi. In ya gama sai ya tura wa mai shi, ya goge nasa a gaban idonsa. Na sha ce masa ya ajiye ko ɗaya mu nuna wa mutanen gida, ya ce ba fuskarsa ba ce balle ya yi kyauta da ita. Sannan yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa Daktur rai: ba ya tsayar da ɗauka da zarar an harba, sai mai harbin ya karya bindigarsa biyu, ya zare kwanson harsashi, ya saɓa ta a kafaɗa a buɗe. Daktur ya yi ta mita wai yana cika masa waya da abin banza. Maiwada ya ce mahaifinsa ya ce harbi bai ƙare ba sai bindiga ta huce.

Amfanin abin bai daɗe ba ya fito. Shekara da shekaru Daktur ba ya wuce faifai goma sha biyar, kullum laifin iska ne ko na harsashi. Wata rana a mota Maiwada ya ce masa, "Ya Daktur, kana ɗage kumatunka daga katakon bindiga kafin ka ja kunama. Leƙe kake yi, kana son ka ga ya fashe." Daktur ya rantse da Allah bai taɓa yi ba. Maiwada ya rage gudun bidiyon ya miƙa masa. Ga kai nan yana tashi sarai, har sau tara a zagaye ɗaya. Bayan wata uku Daktur ya kai ashirin da ɗaya, ya saya masa sabuwar waya da ƙaramar sandar riƙe ta. Daga nan kowa sai "Ya Maiwada, sawwirni", wato ɗauke ni. Shi kuma daɗin abin yake ji, ba ya ɓoyewa. Ya taɓa ce mini a duk Riyad ba inda ransa ke sakewa kamar bayan layin rawayan nan da safiyar Asabar, ga gahawa, ga warin da ya sani tun yana goye.

To, a cikin matan da ke harbi a filin akwai wata Nazira. Haihuwar Riyad ce, iyayenta Kanawa, tana aiki a kantin magani. Hausarta a karkace take fita, rabi Larabci. Mahaifinta tela ne a unguwar Batha, ya rasu. Mahaifiyarta ita ce Gogo Fatsuma ta unguwar Ulaisha, wadda duk Bahaushen da ya taɓa kwaɗayin dambu ranar Juma'a ya san ƙofarta. Wata maƙwabciya ce ta zo wa Gogo da waya, ta nuna mata samari suna harbin iska a wurin biki, ta ce ai haka filin yake, kowane ƙato da wayarsa yana ɗaukar 'yan mata yana watsawa duniya. Gogo ta yanke hukunci: gasar ƙarshen wata ita ce ta ƙarshe, daga ita Nazira ta ajiye bindiga har abada. Gogo kuwa in ta faɗi magana ta faɗa. Ga ciwon gwiwa, ko matakalar gidanta da ƙyar take sauka, balle a ce ta zo ta gani da idonta.

Nazira ta sami Maiwada idonta ja. Ta ce, "Ya ammi," wato baffa, "ka ɗauke ni, Allah yikhallik, Allah ya bar mana kai. In Gogo ta ga ina fasa su, ta ga na ci, mumkin, wataƙila ta bar ni." Ya ce in sha Allahu.

Ranar na bi shi, don ni ma ina cin dambun Gogo, abin ya shafe ni. Sanyi ake yi, kowa ya naɗe cikin jaket. Kafin a fara Maiwada ya je wurin matar da ke horar da su, ya roƙi ta tambayar masa sauran mata biyar ɗin ko sun yarda su fito a gefen hoto. Huɗu suka ce ba komai. Ta biyar, wata gajera mai farar hular rana, ta girgiza kai. Maiwada ya dafa ƙirji ya ce "Tamam", wato shi ke nan, ko dalili bai tambaya ba.

Na ce masa, "Haba Bakatsine, ta baya fa kake ɗauka. Wa zai gane ta?"

Ya ce, "Ta ce a'a."

Haka ya yi ta kai-kawo a bayan layi, yana karkata jiki don kar ko gefen rigarta ya shigo. Nazira ta fasa ashirin da ɗaya, ta kuskure huɗu. Da aka haɗa maki sai ga ta kunnen doki a matsayi na uku, kuma da wa? Da mai farar hular nan. Kai jama'a! Sai an raba gardama: su biyun za su tsaya a dandamali ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya, kowa faifai guda, wadda ta kuskure ta fita. Nazira ce a gaba, mai farar hula tana tsaye dab da bayanta.

Maiwada ya matsa dama, tana ciki. Ya matsa hagu, tana ciki. In ya ƙara taku ɗaya ya haye layi, ga alƙali yana kallonsa. Ni kuwa ina ce masa da ido ɗauki kawai, wa zai sani? Na ga hannunsa ya tsaya cak a sama. Sai ya sauke wayar a hankali, ta koma tana kallon ƙasa, bai dai kashe ta ba. Nazira ta ce "Ha!", ta harba, faifai ya zama ƙura. Mai farar hula ta harba ta kuskure. Nazira ta zo ta uku, karo na farko a rayuwarta.

Ta rugo da murna ta karɓi waya. Da ta kai wurin, me za ta gani? Siminti, kwanson harsashi ɗaya, da ƙafafun Maiwada cikin silifas. Fuskarta ta faɗi. Ta ce, "Haram alaik, ya ammi, ba ka kyauta ba! Wannan shi ne wanda nake so!" Ya ce ta yi haƙuri. Ni kaina haushinsa na ji, na gaya masa a mota cewa taurin kansa ya kashe wa yarinya wasa. Nazira ta so a yanke takalman da kuskuren nan huɗu kafin Gogo ta gani. Ya ce bidiyo nata ne, ta yi yadda take so, amma da shi ne zai nuna shi yadda yake.

Bayan la'asar Nazira ta kira ta ce mu zo Ulaisha, wai Hausarta ba za ta iya bayani ba. Muka tarar da Gogo a falo ta miƙe ƙafa a kan darduma, ɗakin sai ƙamshin man zafi da turaren wuta. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na haɗa waya da talabijin.

Ta yi kallo na ɗan lokaci ta ce, "Ina mutanen? Na ji shiru kamar masallaci."

Maiwada ya ce, "Suna nan, Gogo. Ba a magana ne in ana harbi."

"To me ya sa take karya bindigar kowane lokaci? Ta lalace ne?"

"Buɗe ta take yi, kowa ya ga ba komai a ciki. Ba mai taku ɗaya da ita a rufe."

Gogo ta ce "Uhm", ta gyara zama. Da Nazira ta kuskure ta ja tsaki ta ce, "Kash, ya tsere." Muka kalli juna ni da Nazira. Can sai ga siminti, sai ga silifas sun cika talabijin.

Gogo ta ce, "Wannan kuma ƙafar wane ne?"

Na ce, "Ta Bakatsine ce, Gogo, ba ki ga faso ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi Maiwada ta ce, "Kai, hannunka ne ya gaji?"

Ya ce, "A'a. Wata ce a bayan Nazira ta ce kar a ɗauke ta, kuma ba yadda zan yi in raba su."

"'Yar uwarka ce?"

"Ko sunanta ban sani ba."

"Ta ga lokacin da ka sauke?"

"Ba na jin ta gani. Hankalinta na kan faifai."

Gogo ta murza gwiwarta. Ta ce, "Da tawa ce ta ce a'a fa?"

Ya ce, "Haka zan yi. Wanda ya ƙi kuwa waje za a yi da shi. Ni an taɓa fitar da ni a kan abin da bai kai wannan ba, tambayi Sha'aban, har gobe yana mini dariya."

Ta ce in mayar baya, in ƙara murya. Na mayar. Muka zauna mu huɗu muna kallon fason Maiwada. Sai muryar Nazira, siririya, "Ha!", sai ƙarar bindiga. Sai wata ƙarar, sai muryar alƙali yana kiran sunan Nazira. Gogo ta ɗaga hannu ta kama hanci ta rangaɗa wata guɗa da na tabbata har masu shagon ƙasa sun ji. Nazira ta faɗa jikinta tana kuka da dariya a haɗe.

Na waiwaya na ga Maiwada yana waige-waige kamar mai neman alƙali. Na ce masa, "Sake ta, mutumina, nan ba alƙali." Ai kuwa ya miƙe tsaye, hula ta karkace, ya saki abin da ya haɗiye shekara shida: "Haka ake yi! 'Yar Gogo! Allah ya ja kwana!" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ni da na zo tsokana.

Gogo ta share fuska da gefen mayafi, ta sa Nazira ta zubo mana dambu. Muna cikin ci ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Asabar ki je abinki." Sannan ta nuna Maiwada da cokali. "Amma wannan mai fason shi zai riƙe wayar."