Saiwar Doka da Na Wanke: Ga 'Yata Dakta Lailatu

Ni ne mutumin da ya wanke saiwar itace da sabulu. Duk Kuyello an san wannan, kuma wadda na yi wa ɓarnar ita ce 'yata, Dakta Lailatu Ƙasimu, da Allah ya karɓi abarsa ranar Talata, 17 ga Yuni, 2025, a Kaduna, bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Uwata, haka nake kiranki tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ni a aji huɗu boko ya sallame ni, ke kuwa kika yi shekara goma sha shida kina tonon gindin itacen doka a dajin Birnin Gwari. Idan an tambaye ni aikinki, sai in ce kina binciken ƙasa, in yi sauri in kawo zancen takin gona.

Shekara uku da suka wuce kika bar mini dashen doka ɗari biyu a leda, kika ce ruwa kawai zan riƙa ba su. Wata leda ta yage, na ga farin abu kamar zare ya lulluɓe saiwar. Mai rumbu ya san hunhuna idan ya gan ta. Na zazzage su duka, na wanke tas, na mayar cikin yashi mai tsabta, ina jiran godiya. Ko ɗaya bai kai kaka ba.

Da kika zo, ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Baba, abokin cin abincinsu ka kora." Kika zaunar da ni kika yi mini bayani: zaren nan shi ne jikin naman kaza da ke ɓullowa gindin doka da damina. Yana jawo wa itacen ruwa da abinci daga ƙasa, itacen kuma yana ciyar da shi. Shi ya sa doka ba ta kamawa sai an haɗa mata da ƙasar gindin uwarta. Aikinki na shekara biyu na wanke a rana ɗaya.

Wannan ilimi kika kai wa matan Randagi da Gayam. Laraba, shugabarsu, ta zo gaisuwa ta ce inda masu gawayi suka share, yanzu dashensu ya fi ta tsawo.

Allah ya jiƙanki, Uwata, ya sanyaya makwancinki, ya sa kowace inuwa da kika dasa ta zame miki lada. Ina yi wa mahaifiyarki Furera, da mijinki Naziru, da 'ya'yanki ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri.

Na yi miki alkawarin mayar da ɗari biyun nan da hannuna. Shiga daji yanzu sai da dabara, gwiwa kuma ta fara gardama, amma na kai sittin da ɗaya. Saura ɗari da talatin da tara. Sabulun kuwa Furera ta ɓoye.