Anti Makulli da Akwati na Arba'in

Ranar Talata ce, hadari ya haɗu tun hantsi. Akwatunanmu arba'in ne a ƙananan asibitoci, kowanne manne da firjin allurar riga-kafi. In firji ya ɗau zafi, akwati ya tura wa nas saƙo. Ni nake yawo da babur ina ɗaura su. Mai haɗa manhajar cikinsu kuwa ita muke kira Anti Makulli.

Shekara goma sha ɗaya, kullum da safe za ta kunna akwati a kan tebur, ta fizge waya daga soket, ta mayar, ta sake fizgewa, har sau ɗari. Ta ce in wuta ta ɗauke akwati yana tsakiyar rubutu a ƙwaƙwalwarsa, ba lallai ya sake tashi ba. Shi ya sa take kulle tushen manhajar: a karanta, ban da rubutu. Abin da dole a rubuta, ta ware masa gefensa.

Na taɓa ce mata, "Anti, wannan kulle-kullen ɓata lokaci ne."

Ta ce, "Kai da zaman aji ya gagara, ina za ka iya jiran akwati? Miƙo min waccan wayar."

Ranar Litinin wani akwati ya ba ni matsala. Maimakon in kawo mata, na buɗe kullen na gyara a can. Ina sauri, ban mayar ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Washegari, Talatar nan, ruwa ya tsuge, wuta ta ɗauke ta dawo sau shida. Muna tsaye bayanta muna kallon kwamfuta, akwatuna na tashi ɗaya bayan ɗaya. Talatin da tara. Wanda na buɗe shiru, layin nas ɗin wurin kuma ba ya shiga.

Ta juyo. "Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Hau babur. Faɗa sai ka dawo."

Awa huɗu na yi cikin taɓo. Na tarar firjin ya ƙone, cikinsa ɗumi, ba wanda ya sani.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Anti, ke ce kika hana wannan ya faru a wuri talatin da tara, kuma ba uwa ɗaya da ta san fuskarki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu wannan sana'a, ku kulle yadda take kullewa, ku fizge waya kafin ruwa ya fizge muku.

Abin da aka rasa ranar: akwati ɗaya, firji ɗaya, kwalaben allura ɗari da sittin. Yara hamsin da biyu suka koma gida ranar Laraba ba allura.