Madam Asta da manyan motocin cikin jini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin dama koko saƙo ya shigo guruf ɗin 'yan ajinmu: Madam Asta ta rasu. Malamarmu ta kimiyyar halittu a lise, wato sakandare.

Juma'ar nan ta ce za ta zo gidana.

Waɗanda muka yi aji ɗaya sun san halina, kullum akwai littafin soyayya ɓoye a cikin littafin darasi. Ranar da ta kama ni, ba ta kore ni waje ba. Ta tafi da shi gida, washegari ta miƙo mini ta ce, "Na karanta. Saurayin nan maƙaryaci ne, kar ta yarda da shi. Yanzu buɗe mana shafin hanta."

Daga ranar ta sa mini suna 'Yar Littafi.

Bayan aurena, maigidana ya fara jin nauyi a ƙirji. Aka gwada jininsa, likita ya ce kolestarol ya yi yawa. Shi kuwa dariya ya yi. "Dube ni fa, kamar sillen kara. Ina kitsen zai ɓuya?"

Da ƙyar na ja shi gidan Madam a unguwar Pumpumre, nan Garwa. Ta san sana'arsa ɗauko kaya ne daga Ngawundere. Ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗiga man gyaɗa a kai, ta girgiza.

"Alhaji, sun haɗu?"

"Ba su haɗu ba, Madam."

"To jininka yawancinsa ruwa ne. Kitse ba ya iya tafiya a ciki shi kaɗai, sai jiki ya naɗe shi a rigar furotin. Sunanta lipoprotin, amma kai ka kira ta kamiyo, irin babbar motar da kake ɗauko kaya da ita. Akwai masu yin lodi a hanta suna bi suna saukewa, kamar yadda kake saukewa a Ngong kafin ka iso Garwa. Su ne LDL. Jiki yana buƙatar kayan. Akwai kuma masu kwashe ragowa su mayar hanta, su ne HDL. Kai masu saukewarka sun yi yawa, masu kwashewa sun yi kaɗan. In kaya suka yi ta taruwa a gefen titi, me zai faru?"

Ya ce, "Hanya ta toshe."

"To wannan hanyar zuciyarka take zuwa. Kuma yawancin kayan hantarka ce ke yin su da kanta, ba sai ka yi teɓa ba."

Ranar ya fara shan magani.

Amma kun san gidajenmu. Ana auna amarya da kumatun mijinta. Duk wanda ya zo daga garinsu Mindif, sai Hajiyarsa ta aiko da kwalbar man shanu, da saƙon a zuba masa sosai a tuwo. Gwaggonninsa kuma su ce, "Amarya, ɗan namu azumi kike sa shi?" Shi ma da ya ji sauƙi sai ya ajiye maganin, wai ai ya warke. In na yi magana ya ce na cika karance-karance.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwa ce, wajen masu kifi. Na gaya mata komai, har da yadda yake tsayawa ya dafe ƙirji in ya hau bene. Ta daina murmushi.

"Wannan ba na jira ba ne, ya koma wurin likita. Ke kuma 'Yar Littafi, duk kalaman soyayyar da kika haddace, kin kasa lallashin mutum ɗaya ya haɗiyi ƙwaya? Bar ni da shi, ina zuwa Juma'a. Ki yi mini miyar yakuwa."

Ita kaɗai yake jin maganarta a kan wannan. Abin da ya fara faɗo mini ke nan da na ga saƙon, Allah ya yafe mini: yanzu wa zai gaya masa?

Yana kan hanya daga Ngawundere. Na kira shi ɗazu, na faɗa masa rasuwar. Na kuma faɗa masa abin da za ta zo ta ce, ban rage komai ba. Na ce ina tsoro. Cikin ƙugin mota ya ce, "Allah ya jiƙanta. Bayan jana'iza ki raka ni asibiti."

Ban sani ba ko zai cika. Ban sani ba ko hanyar nan ta zuciyarsa ta riga ta ƙuntace. Zuciyata dai ba ta kwanta ba.

Ya Allah ka gafarta wa Madam Asta, ka yalwata kabarinta, ka sa ilimin da ta bar mana ya zama haske a gare ta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya haɗa da maigidana, Allah ya kawo shi gida lafiya ya kuma kai shi gaban likita.